Haɗuwar Bakin Masana da Haƙƙin Mai Saɓa Musu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya kuma sanya neman ilmi ya zama ibada. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 A wannan mako za mu duba wata mas'ala da ta daɗe tana yawo a bakin ɗalibai da ma'aikata, har ta iso zaurukan malamai. Mas'alar ita ce: idan bakin masana ilmin kimiyya ya haɗu a kan magana guda, shin wannan haɗuwa tana toshe bakin mai sabon ra'ayi? Wasu sun ce da zarar an ce masana sun yi ittifaƙi, to, magana ta ƙare, wanda ya ƙara tambaya jahili ne. Wasu kuma sun ce ai ittifaƙin nan haɗin baki ne kurum, duk wanda ya tsaya shi kaɗai shi ne mai gaskiya. Maganar ba ta wasa ba ce, domin a kanta ne magidanci yake yanke shawarar ko ya kai ɗansa rigakafi ko ya hana, ko ya sha maganin da likita ya rubuta ko ya bi na wani mai murya a wayar hannu. Rayuka ne a ciki, kuma kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta tsare.

IJMA'I A WURIN MALAMANMU

Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan muhawara, don kuwa malaman Usulul Fiƙhu sun yi ƙarnoni suna tace ta. Kalmar ijma'i a Larabci ta fito daga tushen da ke nufin tarawa, tana kuma ɗauke da ma'anar ƙudurta niyya a kan abu. A isɗilahi kuwa, ijma'i shi ne haɗuwar mujtahidan wannan al'umma na wani zamani, bayan wafatin Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, a kan wani hukunci na shari'a. Shi ne tushe na uku bayan Alƙur'ani da Sunna.

Sai dai mai karatu ya lura da irin shingayen da suka kewaye shi da su. Mujtahidai aka ce, watau waɗanda suka mallaki kayan aiki, yawan 'yan kallo ba ya shiga lissafi. Sa'an nan jamhurin malamai sun shar'anta cewa lalle ijma'i ya dogara a kan wata madogara ta dalili, domin haɗuwar son rai ba ta zama hujja. Har ila yau sun yi saɓani mai tsawo a kan abin da suke kira ijma'i sukuti, watau wani ya yi fatawa sauran su yi shiru. Imamu Shafi'i yana ganin ba a jingina wa wanda ya yi shiru magana, don shirun yana iya zama na tsoro, ko na kunya, ko na wanda bai gama nazari ba. An kuma ruwaito Imamu Ahmad ɗan Hambali yana tsananta gargaɗi ga mai saurin da'awar ijma'i, domin mai yiwuwa ne mutane sun saɓa shi bai ji ba.

Dubi kuma Imamu Malik, wanda ya rasu cikin shekara ta 179 ta Hijira. An ruwaito cewa halifan Abbasiyawa ya nemi ya ɗora dukkan Musulmi a kan Muwaɗɗa, ya zama ita kaɗai ake hukunci da ita. Wannan ɗaukaka ce wadda marubuta da yawa za su yi rawa saboda ita. Amma Malik ya ƙi, ya kafa dalili da cewa sahabbai sun watsu cikin garuruwa, kowane gari da ilmin da ya iso masa. Mutumin da aka ba dama ya rufe bakin duk mai saɓa masa, shi ne ya bar ƙofa a buɗe da hannunsa.

INDA SUKA RABU

Wajibi ne a bambance ijma'in shari'a da ittifaƙin masana kimiyya, domin cakuɗa su ya jawo ruɗani. Ijma'in shari'a yana komawa ga wahayi, kuma malamai sun kafa hujja da hadisan da ke nuna cewa wannan al'umma ba ta taruwa a kan ɓata. Shi kuwa ittifaƙin likitoci ko masana taurari, madogararsa gwaji ne da awo da lissafi, babu wani alkawarin kariya daga kuskure da aka yi masa. Ƙarfinsa daidai yake da ƙarfin shaidar da ke ƙarƙashinsa. Akwai wanda shaida ta taru a kansa daga kowace fuska har ya kai ga yaƙini, kamar cewa jini yana kewaya jiki, ko ƙwayoyin cuta suna haddasa kwalara. Akwai kuma wanda bai wuce rinjayen zato ba, ana aiki da shi kafin a sami wanda ya fi shi.

Addini da kansa ya ba wannan fage haƙƙinsa. Hadisin barbarar dabino da ke cikin Sahihu Muslim sananne ne: mutanen Madina sun bar barbarar dabinonsu saboda wata magana da Manzon Allah ya yi bisa zato, amfanin ya ragu, sai ya mayar da al'amarin ga saninsu na harkokin duniyarsu. Imamul Gazali, wanda ya rasu cikin 505 ta Hijira, ya yi gargaɗi a littafinsa Al-Munƙizu minad Dalal game da jahilin masoyin Musulunci da ke zaton taimakon addini shi ne ƙaryata lissafin husufin rana da wata. Ya nuna cewa wanda ya san lissafin nan da hujja yankakkiya ba zai yi shakkar lissafinsa ba, sai dai ya yi shakkar addinin wanda ya ƙaryata shi. Ke nan ɓarna mai irin wannan kariya yake yi, alhali yana zaton gyara ne.

DA GASKE AN TAƁA DANNE MAI GASKIYA

To, yanzu mu koma kan tambayar. Amsa ta adalci ita ce i, ya sha faruwa, kuma an yi asarar rayuka a dalilinsa.

Cikin 1847 akwai wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Ignaz Semmelweis, yana aiki a babban asibitin birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya. Asibitin yana da ɗakunan haihuwa biyu. A ɗaya likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, a ɗayan kuma ungozomomi. Abin mamaki, zazzaɓin jego ya fi kashe mata a ɗakin likitoci, wajen kashi 10 cikin ɗari, alhali a na ungozomomi bai wuce wajen kashi 4 ba. Ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Sai wani abokin aikinsa ya rasu bayan wuƙar fiɗar gawa ta yanke shi, aka ga alamun ciwonsa irin na matan nan ne. Nan Semmelweis ya gane cewa likitoci ne ke fitowa daga ɗakin gawa su ɗauko cutar a hannuwansu. Ya kafa dokar wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin. A watan Afrilu na shekarar mace-macen sun kai kashi 18 cikin ɗari, zuwa watan Yuli sun sauko ƙasa da kashi 2.

Mai hankali zai zaci nan take za a rungume shi. Ina! Manyan likitoci da yawa suka ƙi, don maganarsa tana nufin hannuwansu ne suka kashe matan, kuma gaskiya ɗaci gare ta. Ba a sabunta masa aikinsa ba, ya koma ƙasarsu, ya rasu cikin 1865 a gidan masu taɓin hankali yana da shekara 47. Sai bayan ayyukan Pasteur a Faransa da Lister a Birtaniya ne duniya ta sallama. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Semmelweis bai fitar da littafinsa ba sai 1861, shekara 14 bayan abin da ya gano, ga shi ba shi da cikakken bayanin yadda cutar ke aiki, sa'an nan ya riƙa rubuta wa manyan likitoci wasiƙu yana kiransu masu kisan kai. Gaskiya tana hannunsa, amma zafin harshe ya ƙara mata nauyi a kunnuwan masu saurare.

Misali na biyu ya shafi ƙasar da muke takawa. Cikin 1912 wani Bajamushe, Alfred Wegener, ya ce nahiyoyin duniya a da a haɗe suke, daga baya suka tsage suna gusawa. Ya nuna yadda ƙirjin ƙasar Birazil ya dace da lungun gaɓar Afirka ta Yamma, da yadda ake samun burbushin halittu iri ɗaya da duwatsu iri ɗaya a gaɓoɓin biyu. Akasarin masana duwatsu suka yi watsi da shi, wasu har da ba'a, musamman da yake shi masanin yanayin sama ne, suna ganin ya shiga gonar da ba tasa ba. Sai dai suna da tambaya mai ƙarfi da ya kasa amsawa: wane ƙarfi ne ke tura nahiya sukutum? Ya rasu cikin ƙanƙarar Girinlan a 1930. Sai cikin shekarun 1960, da aka auna ƙarƙashin teku aka ga yana buɗewa daga tsakiya, sa'an nan masana suka juyo, kuma cikin shekaru kaɗan suka juyo. A yau ana auna gusawar nan da tauraron ɗan Adam, 'yan santimita ne a shekara, kwatankwacin tsiron farce, kuma masana suna danganta asalin kwarin Binuwai da wannan tsagewa ta Afirka da Amurka ta Kudu.

ME KE JAWO HAKA?

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, kuma malaman tarbiyyar zuciya sun riga sun san sunayensu. Akwai girman kai, wanda hadisi ya fassara da ƙin gaskiya da rena mutane. Akwai son matsayi: mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da wani ra'ayi, ya rubuta littattafai a kansa, da wuya ya yi murna da yaron da ya zo rushe shi. Ga shi kuma irin waɗannan dattawa ne ke tace abin da mujallun ilmi za su buga, su ne a kwamitocin rabon kuɗin bincike da na ƙarin girma. Don haka ƙaramin mai bincike yakan auna abincinsa kafin ya buɗe baki. Masanin nan na Jamus, Max Planck, ya taɓa kokawa cewa sau da yawa sabuwar gaskiya takan yi nasara ne idan masu adawa da ita suka ƙare, wani sabon tsara ya taso da ita.

Akwai kuma tsoron kaɗaici. Cikin 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa tara mutane yana nuna musu layuka, yana tambayar wanne ya yi daidai da wanne a tsawo. Duk 'yan ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar kuskure, ban da mutum guda. Wajen kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu yana nuna musu akasin haka. Amma da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya kafin su, sai bin kuskuren ya ragu ƙwarai. Wannan yana nuna mana darajar mai saɓawa guda ɗaya: ko ba komai yana kwance wa waɗansu harshe. Alƙur'ani mai girma ya zargi mutanen da ba su da wata hujja sai cewa haka suka tarar da iyayensu suna yi, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara da Suratuz Zukhruf, ya kuma sha neman masu da'awa su kawo dalilinsu. Wannan cuta ta bin ayari ido rufe ba ta tsallake mai digiri.

Mafi muni shi ne ittifaƙin da hukuma ta ƙulla da bulala. Tarihinmu ya ɗanɗana shi a fitinar da halifa Ma'amun ya fara cikin 218 ta Hijira, inda aka tilasta malamai su ce Alƙur'ani halitta ne. Akasari suka amsa don tsoro, Imamu Ahmad ya ƙi, aka ɗaure shi, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim, har Allah Ya kawo Mutawakkil ya kashe wutar. Kimiyya ma ta ga irin nata. A Tarayyar Sobiyat, wani mai suna Lysenko ya sami goyon bayan Stalin, cikin 1948 aka haramta koyar da ilmin gadon halitta, aka kori masana daga aiki. Tun kafin nan babban masanin tsirrai Vavilov ya rasu a kurkuku cikin 1943. Noman ƙasar ya sha wuya, ilmin ya koma baya shekaru masu yawa. Shirun da takobi ya haifar ba a kiransa ittifaƙi.

MAGABATANMU DA LADABIN SAƁANI

Malaman Musulunci na da sun gaji littattafan Yunanawa, sun girmama su, amma ba su mayar da su wahayi ba. Abubakar Ar-Razi, likitan Bagadaza da ya rasu wajen 925 Miladiyya, ya rubuta littafi musamman a kan shakkunsa game da Jalinus, wanda a lokacin shi ne limamin likitocin duniya. Ya yi haka yana mai ambaton falalar Jalinus a kansa, yana kafa hujja da abin da ya gani a wurin majinyata.

Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tarar da manyan masana lissafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya taɓa abu sa'an nan a gani. A littafinsa Kitabul Manazir ya tabbatar da gwaji cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Ya kuma rubuta littafin shakku a kan Baɗlimus, jagoran masana taurari. A gabatarwarsa ya yi wa mai neman gaskiya wasiyya da abu biyu: ya binciki abin da yake karantawa ta kowane gefe kamar mai jayayya da shi, ya kuma tuhumi kansa yayin binciken don kada ya yi zalunci ko sassauci. Mutanen yau sun riƙe rabin farko na wannan wasiyya, sun manta rabi na biyu.

Sai Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1288. Fiye da shekara dubu likitoci suna bin Jalinus a kan cewa akwai ƙananan kafofi a bangon da ya raba zuciya biyu, jini na bi ta cikinsu. Ibnun Nafis, a sharhin da ya yi wa sashen fiɗa na littafin Al-Ƙanun na Ibnu Sina, ya ce bangon nan kauri gare shi, babu kafa ko ɗaya, jini yana tafiya ne daga ɓangaren dama zuwa huhu, ya gauraya da iska, ya komo ɓangaren hagu. Ya saɓa wa Jalinus, ya saɓa wa mai littafin da yake sharhi. Maganarsa ta daɗe ba ta sami kulawar da ta kamata ba, sai cikin 1924 wani likita Bamisire ya ci karo da rubutun a ɗakin karatu na Balin ya bayyana wa duniya. Dukkan waɗannan bayin Allah sai da suka ƙoshi da ilmin magabata kafin su ɗaga murya a kansu.

BA DUK MAI SAƁAWA NE MAI GASKIYA BA

Nan ne mutane da yawa suke zamewa. Sukan ce, tun da an ƙi Semmelweis kuma ya zama mai gaskiya, to, duk wanda masana suka ƙi shi ma haka ne. Wannan ƙiyasi ne ɓatacce. Tarihi ya adana sunayen 'yan kaɗan da suka dace, ya binne dubbai da suka saɓa kuma suka yi kuskure. Cikin 1989 wasu masana biyu a jihar Yuta ta Amurka suka kira 'yan jarida suka ce sun gano hanyar samar da makamashin nukiliya cikin kwalba ba tare da matsanancin zafi ba. Manyan ɗakunan bincike suka sake gwajin, ba su ga abin da aka ce ba, magana ta mutu.

Wannan asarar kuɗi ce da suna. Akwai wadda ta fi ta. A Afirka ta Kudu, shugaba Thabo Mbeki ya karkata ga wasu 'yan tsirarun masana da ke musun cewa ƙwayar cuta ce ke kawo ƙanjamau, gwamnatinsa ta yi jan ƙafa wajen rarraba magani. Cikin 2008 masu bincike na jami'ar Habad suka ƙiyasta cewa fiye da mutum 330,000 sun rasu tsakanin 2000 da 2005 saboda wannan jinkiri.

Mu ma nan gida muna da namu darasi. Cikin 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a waɗansu jihohin Arewa saboda zargin an gurɓata maganin. Ruwa ba ya tsami banza: mutane ba su manta da 1996 ba, lokacin da wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara wajen 200 a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, abin da ya kai ga shari'a har aka yi sulhu cikin 2009. Saboda haka tambayar da jama'a suka yi halal ce, kuma haƙƙinsu ne a amsa musu. Sai dai kafin a komo da rigakafin a Kano cikin Yulin 2004, cutar ta riga ta yaɗu, daga bisani kuma ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka nakasa. Da sarakuna da malamai suka shiga gaba, aka yi bayani, aka ci gaba da aiki, sai ga shi ranar 25 ga Agusta, 2020, an tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

MA'AUNI

Yaya mai karatu zai rarrabe? Ga labarin da ya tara amsar. Likitoci sun daɗe a kan cewa damuwa da yawan tsamin ruwan ciki ne ke kawo gyambon ciki, kuma babu ƙwayar cutar da za ta rayu a cikin wannan tsami. Cikin 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ware wata ƙwaya daga cikin majinyata suka ce ita ce ummul haba'isi. Aka yi musu kallon masu mafarki. Cikin 1984 Marshall ya kurɓi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar, cikin 'yan kwanaki cikinsa ya kumbura da ciwo. Ba muna kiran kowa ya jefa kansa ga halaka ba, abin lura shi ne sun kai maganarsu gaban masana, sun faɗi yadda za a gwada ta. Likitoci a ƙasashe dabam-dabam suka gwada, suka ga maganin kashe ƙwayoyin cuta yana warkar da gyambon. Cikin 1994 hukumomin lafiya na Amurka suka karɓa, cikin 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Jama'ar da ta ƙi su da farko, ita ce ta auna hujjarsu, ita ce kuma ta karrama su.

Don haka idan mai saɓa wa masana ya zo maka, ka tambayi kanka abu huɗu. Shin ya san fannin, ya kuma san hujjar waɗanda yake saɓa wa kamar yadda su suka san ta? Shin ya kawo shaidar da wani zai iya sake gwadawa? Shin ya kai ta gaban ma'abota fannin, ko kuwa kasuwa ya nufa da ita, inda ba mai iya tuhumarsa? Shin ya faɗi abin da idan an nuna masa zai janye? Wanda duk hujjar da aka kawo masa sai ya ce ai wannan ma cikin makircin take, to, ya rufe ƙofar ilmi a kan kansa. A ƙara da duba ko akwai abin da yake sayarwa.

Su kuma masana, amana ce a wuyansu su rarrabe wa jama'a abin da suka tabbatar da abin da suke zato, su amsa tambaya da bayani maimakon tsawa, su bar wa ƙananansu filin gwada sabon tunani. Su yi koyi da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, a kan hanyarsa ta Sham, yayin da labarin annoba ya iske shi. Ya shawarci Muhajirai da Ansar suka saɓa, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa, ya yanke shawarar komawa. Abu Ubaida ya yi masa inkari a fili, Umar ya amsa masa da hujja, bai hukunta shi ba. Sa'an nan Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa, sai kowa ya natsu. An yi shawara, an saurari mai saɓawa, dalili ya yanke hukunci.

Shi kuwa wanda ba fanninsa ba ne, kamar ni da akasarin masu karatu a sha'anin likitanci, Alƙur'ani ya umarce mu da tambayar ma'abota sani, ya kuma umarce mu da bin diddigin labari kafin aiki da shi. Hadisin da ya yi wa mai ijtihadi alkawarin lada biyu in ya dace, ɗaya in ya kuskure, malamai sun ce ya keɓanta ga wanda ya cancanci ijtihadin. Wanda ya yi wa jama'a fatawa a kan lafiyarsu ba da sani ba, alhakin duk wanda ya cutu yana kansa. Kafin mai saɓawa ya tabbatar da hujjarsa, abin da ya fi aminci ga mai iyali shi ne ya yi aiki da abin da jamhurin ma'abota fannin suke a kai, yana mai ci gaba da tambaya, don matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta ko daga bakin wa ta fito, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya tsare mu da girman kai da faɗin abin da ba mu sani ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.